Amsa ga taubashiyata ta Daura: miyar sati guda da wanki a falo

Taubashiya, saƙonki ya iso. Sau uku na saurare shi, don dariya ta cinye miki rabin maganar. Wato Hajiya, kakar su Auta, ta dawo Daura daga wurinmu a Ingila ta zazzage muku labarin gidana kaf: miya ɗaya ana ci sati guda, wanki rataye a falo kamar ɗakin dillaliya, Baban su Auta tsaye yana wanke-wanke, kuma wai baƙo sai ya buga waya kafin ya zo. Kika ce in faɗa miki tsakani da Allah, talauci muke ɓoyewa ko rowa Turai ta koya mana. To gyara zama. Bashin wasa kuma yana nan, zan rama.

Hajiya ba ta yi ƙari ba, duk abin da ta faɗa haka yake. Sai dai a Disamba ta zo mana, watan da ko mu da muka shekara 11 a Mancesta muke jin jiki. Ki ƙaddara wata 'yar aiki gare ku a Daura wadda ba ku taɓa biya ko sisi ba, wato rana. Ita ke busar muku da wanki kafin azahar, ita ke shanya muku kuɓewa da tattasai da kauɗa, ita ke ɗumama ruwan bokiti a tsakar gida, ita ke kashe warin katifar yaro. Ko hunturu ya yi tsanani, hazo ya rufe gari, kaushi ya farfasa ƙafa, da hantsi ya yi kowa ya fito ya jingina da bango ya sha rana. Mu a Disamba rana ba ta fitowa sai takwas ta wuce, kafin ƙarfe huɗu an kira magariba. Azahar da la'asar da magariba duk a cikin awa huɗu suke haɗuwa, in kika ɗora sanwa kika yi sakaci sai ki tarar salla biyu na binki. Kuma fitowar tata ta suna ce, ana iya yin kwanaki ba a ga ƙwayarta ba. Sanyinku busasshe ne, namu jiƙaƙƙe, mai yayyafi, mai ratsa ƙashi. Duk aikin da rana ke yi muku kyauta, mu saya muke yi, da gas da lantarki.

Akwai wani ɗan allo a kicin ɗina, bai kai tafin hannu ba, haɗe yake da mita. Yana nuna kuɗin da gida ya ci tun wayewar gari, fam da kwabbai. Ranar farko na kira Hajiya na ce ta zuba masa ido, na kunna butar lantarki. Nan take fitilarsa ta sake launi. Na ƙara kunna obin, ta ga lamba na hawa, ta ce, “La ilaha illallahu, kashe, kashe!” Daga ranar ita ce mai gadin allon, ko jikokinta suka daɗe a banɗaki sai ta je ta buga ƙofa. Wannan ba ta ba ku labarinsa ba, ko? A 2022, bayan yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi, har sai da gwamnati ta shiga tsakani ta tsayar da farashi yadda matsakaicin gida zai biya kimanin fam 2,500 a shekara. Wuta da gas kaɗai ke nan, ba a zo ga haya ba. Ki buga shi da naira ki gani, amma ki zauna tukuna.

To ga asalin miyar sati guda. Ran Asabar nake shiga kicin gadan-gadan. In markaɗa kayan miya da yawa, tumatirin gwangwani da tattasai da albasa da attarugu, in soya a babbar tukunya sau ɗaya. Daga ita nake cire uwar jar miya, da ta dafa-duka, da wadda zan yi taushe. In raba a robobi, in rubuta rana a murfi, in jera a firiza. In na kunna obin ba na barin bene ɗaya fanko: kaza a sama, dankali a ƙasa, in an gama a bar ƙofarsa a buɗe ɗumin ya shiga gida. Wake da ganda da ƙafar saniya a tukunyar presha suke dahuwa, abin da zai ci awa uku ya zama minti arba'in. Ruwan shayi sau ɗaya ake tafasawa da safe a cika fulas. Kuma kada ki manta a ina na koyi ɗumame. A gidan kakarmu na koya, inda tuwon dare ke zama kalacin safe, kuma ke ce mai yi mini faɗa a kan ƙanzo. Ku kwana ɗaya kuke ba shi, mu firiza ta ba mu damar ja masa rai, iyakar bambancin ke nan.

Abincin ma na gida ne, an dai yi masa dabara. Tuwo na semo ne ko na garin shinkafa. Gero muna samu a shagunan 'yan Indiya da Pakistan na unguwannin Cheetham Hill da Longsight, su bajra suke ce masa, tsamiya kuma imli. Da su nake dama kunun tsamiya da asuba, ya sha citta da kanumfari, yara su sha kafin su fita cikin duhu zuwa makaranta. Zoɓo a shagon mutanen Karebiyan yake. Taushe da kabewarsu nake yi da alayyafon firiza da cokali biyu na markaɗaɗɗiyar gyaɗar kwalba, wadda su suke shafa wa burodi. Ɗanwake da fulawa da kuka da 'yar kanwa, shi ne abincin ƙarshen wata, shi da garau-garau, kuma yarana sun fi son su da duk wani abin da ake sayarwa a gari. Man shanu nasu nake saye in soya da albasa har ya yi ƙamshi. Kaza tsohuwa nake nema, mai tauri, ta fi araha ta fi romo. Da yamma manyan kantuna kan liƙa wa kayan da kwanansu ya kusa ƙarewa 'yar takarda mai ruwan ɗorawa, su karya farashi. Shekarar farko kunya nake ji in ɗauka, har na ga wata tsohuwar Baturiya da jaka mai tsada tana tsaye tana jiran mai liƙawa. Tun daga nan na daina waige.

Fura ce dai na sallama. Ina kirɓa ta a blanda, in dama da yogot, Baban su Auta ya sha ya ce ta yi. Ƙarya yake yi don a zauna lafiya. Wanda ya sha furar Daura da kindirmo a ƙwarya ya san wannan kwaikwayo ne.

Daddawa kuma fitina ce mai zaman kanta. Gida a rufe ruf, ga kafet, ga labule, ga rigunan sanyi rataye a bakin ƙofa. Ki kaɗa miyar kuka, gobe yaro ya tafi makaranta rigarsa na shela. Ki buɗe taga, ɗumin da kika saya ya fice. Sai na koyi rufe ƙofar kicin in tura tsumma a ƙarƙashinta, in kunna fankar zuƙe hayaƙi, in kwashe rigunan zuwa sama. Suyar ƙosai kuwa sai an sa yaro ɗaya tsaye da tawul yana fifita ƙararrawar hayaƙi, in ba haka ba ta tara mana maƙwabta.

Yanzu wankin falo. Igiyar shanya tana nan a bayan gida, amma daga Nuwamba zuwa Maris ado ce, abin da kika shanya da safe da yamma ya fi jiƙewa. Injin busar da kaya yana cikin masu cin wuta na gaba-gaba. Sai mu rataye a ƙarfen shanya kusa da hita. Ruwan da ya fita daga kayan kuwa ba ya zuwa ko'ina, yana nan cikin iskar ɗaki, da safe ki ga taga tana zufa, ruwa na gangarowa. Hunturuna na farko ban san wannan ba. Na toshe kowace kafa, na ƙi buɗe taga ko sau ɗaya, ina ganin wayo nake yi. Da Sallah ta matso na jawo akwatin lefena daga jikin bango. Bayan akwatin baƙi ƙirin, bangon ma haka, kamar an watsa toka jiƙaƙƙiya. Na buɗe, wari ya buge ni. Atamfofi huɗu da ban taɓa ɗinkawa ba duk sun yi fumfuna, har da shuɗiyar nan da mahaifiyarki, Goggo, ta zaɓa da hannunta. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. Na kira mai gidan haya, ya leƙo ya ce laifina ne, ya tafi. Rabin laifin nawa ne, rabi na bangonsa.

Abin ya wuce ɓarnar tufafi. A Rochdale, nan kusa da mu, wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a Disambar 2020, kuma bincike ya tabbatar fumfunar gidansu ce ta lalata masa numfashi. Har doka aka yi daga baya saboda shi, don tilasta wa masu gidajen hayar jama'a gyara da wuri. Shi ya sa kowace safiya, komai sanyi, nake bi taga-taga da tsumma ina gogewa, in buɗe su minti goma, in janye kujera da akwati daga bango. Na sayi injin da ke tsotse danshi, kullum sai na zubar da ruwan da ya tara, in tsaya ina mamakin wai wannan duk a iska yake. Hajiya ta ce a samo mata gawayi da kasko ta ji ɗumi irin na gida, na ce ko da wasa. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum ya yi barci ya zarce. Ke ma ki ji wannan, na san halinki da kasko a ɗaki cikin hunturu: ki bar kafa, kuma ki fitar da shi kafin ku kwanta. Na ba ta robar ruwan zafi ta runguma, da safa biyu, da ƙwayar bitamin D da hukumar lafiya ta nan ke shawartar kowa ya sha a watannin sanyi, masu baƙar fata irinmu ma duk shekara.

Sai zancen mijina da soso, wanda na san shi ya fi ba ki dariya. Wa zai yi? Ba yarinyar aiki, ba almajirin gida, ba ɗan maƙwabta da za a ce zo in aike ka, ba mai wanki da guga a bakin layi. Mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a nan a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa ɗaya ga wanda ya kai shekara 21, kuma mai shara a gida ta fi haka karɓa. Ni ina aikin dare sau uku a sati. In na dawo bakwai da rabi na safe, shi ya yi wa yara shiri, ya kankare ƙanƙarar gilashin mota, ya fitar da bola. Bolar ma kala huɗu ce a Mancesta, kowace da abin da ake zuba mata da ranar ɗaukarta, in kika cakuɗa su a bar miki kayanki. Shaddarsa shi ke gogewa, ya sa ta ran Juma'a a kan wandon sanyi. Da farko in yana wanke-wanke aka kira shi a bidiyo daga gida, sai ya goge hannu ya ruga falo ya harɗe. Yanzu shi ke tuna wa sababbin zuwa cewa Nana A'isha ta ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi hidimar iyalinsa a gida. Akwai mazan da har yau ba su karɓi wannan karatun ba, kuma ba na ɓoye miki, gidajensu ne muka fi zuwa sulhu.

Buga waya kafin zuwa, wannan kam har yau yana yi mini ciwo, ba zan kare shi da yawa ba. Dalilinsa dai kada ki sha sanyi ki zo ki tarar matar gida na barcin aikin dare, falo kamar randa don an kashe hita. Amma zumunci bai mutu ba. Mukan haɗu a gida ɗaya wata-wata, wannan ta zo da masa, waccan da dambu, a ɗumama gida ɗaya maimakon shida. Muna watanda, mu haɗa kuɗi mahauci ya yanka mana rago ko ya ba mu cinyar sa a raba. Muna adashe. In wata ta haihu cikin sanyi mukan raba kwanaki, kowace da ranar kai mata kunun kanwa da farfesu. Wankan jego dai ba ya kai arba'in, allon kicin ba zai bari ba.

Kin tambaya ina kuɗin da ake tattalin yake zuwa. Haya ta ci kasonta, harajin ƙaramar hukuma ya ci nasa. Saura kuwa kin fi ni sanin hanyarsa, tunda ke ce kike zuwa Mai'aduwa ran Lahadi ki auno wa gida gero da shi, kuma ba ki taɓa cewa yana warin miyar sati guda ba.

Akwai mai tahowa ƙarshen wata, zan turo miki lambarta. Ki haɗo mini kuka mudu biyu, sabuwar daka, koriya shar, ba irin ta bara da ta zo kamar ƙasa ba. Busasshiyar kuɓewa, yajin ƙuli, da daddawa a leda uku, a ɗaure kowace daban. Kada ki sa kilishi ko man shanu, doka ta hana shigo da nama da kayan nono, a filin jirgi za a ƙwace a zubar. Ki gaida Goggo, amma kada ki ba ta labarin shuɗiyar atamfa, har yau tana zaton na ɗinka.