Amsa: Mai digirin lissafi zalla zai iya shiga harkar ɓoye saƙonni?

Malam, ka tambaya ko wanda ya karanta lissafi zalla sai ya sake wani digirin kafin ya shiga harkar ɓoye saƙonni a kwamfuta. Ba sai ya sake ba. Duba Johannes Buchmann, Bajamushen da aka haifa a Kolon a 1953.

Digirinsa na dakta, a Jami'ar Kolon a 1982, kan nazarin lambobi ne tsantsa. Ya je Jami'ar Jihar Ohio a Amurka wurin masanin lissafi Hans Zassenhaus, ya dawo gida ya kammala abin da Jamusawa ke kira Habilitation a Düsseldorf a 1988, wato babban kundi na biyu bayan dakta, wanda ke buɗe ƙofar kujerar farfesa. A shekarar Jami'ar Saarland ta ɗauke shi, amma farfesan kimiyyar kwamfuta, ba na lissafi ba. To ka ji inda gizo ke saƙar. Ya samu kyautar Leibniz, babbar lambar yabo ta bincike a Jamus, a 1993, ya koma Darmstadt a 1996, ya zauna can har ritaya a 2019.

Abin da ya fi burge ni shi ne XMSS, tsarin sa hannu na dijital (hanyar tabbatar da wanda ya aiko saƙo) da shi da abokan aikinsa suka ƙirƙiro. Tsaron RSA, sanannen tsarin ɓoye saƙo da sa hannu da ya girmi XMSS, ya dogara ne kan wahalar gano lambobin da aka ninka suka ba da wata ƙatuwar lamba, kuma babbar kwamfutar kwantum, wani sabon nau'in kwamfuta da ake ƙoƙarin ƙerawa, za ta warware wannan. XMSS bai jingina da shi ba sam.

Sai dai fa, ka koyi rubuta manhaja tun yanzu. Takarda da biro kaɗai ba za su kai ka ba.