Kawu, ga labarin maƙwabtanmu na ƙasar ƙanƙara

Kawu, ina gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da Inna da yara baki ɗaya. Saƙonku ya iso, har na karanta wa maigidan muka yi ta dariya. Wai da gaske ne maƙwabtanmu a ɗakin ƙanƙara suke kwana, kuma ɗanyen nama suke ci?

Shekararmu tara ke nan a Iqaluit, babban birnin yankin Nunavut a arewacin Kanada, yankin da aka yanka wa mutanen nan a 1999. Garin bai kai mutum dubu goma ba, kuma babu hanyar mota da ta haɗa shi da wani gari. Jirgin sama ne, sai jirgin ruwan kaya idan teku ta narke, shi ya sa kuɗin tumatir a nan sai ya sa mutum salati. Sunansu Inuit, wato "mutane", mutum ɗaya kuma Inuk. Eskimo da kuka rubuta ba sa son sa. Gidajensu na zamani ne, a ɗage bisa turakun ƙarfe don kada ɗumin ɗaki ya narkar da daskararriyar ƙasa. Ɗakin ƙanƙara sai maharbin da dare ya riska a daji, shi ma yanzu tanti ya fi yawa.

Ɗanyen nama kam gaskiya ne. Ana shimfiɗa kwali a ƙasa, a zauna a kewaye, mata na yanka daskararren kifi da wata wuƙa mai siffar jinjirin wata, ulu. Kifin na ci, na kuma ƙara. Akwai nattiq, dabbar teku mai ɗan kama da ayu, wadda maigidan ya ce a Malikiyya ba laifi tunda ta ruwa ce, amma ni zuciyata ta ƙi. Abin da ya fi burge ni shi ne rabo. Maharbi ya dawo da nama, sai a sanar a rediyo ko a Facebook, kowa ya zo da ledarsa, tsofaffi a gaba.

Amma abin da nake so in ba ku labari shi ne suna. Ranar da na fara jin maƙwabciyata tana kiran 'yarta 'yar shekara uku "ataata", na ɗauka kunnena ne, don ataata uba ke nan. Ashe sunan mahaifinta marigayi aka sa wa yarinyar. A wurinsu suna ba shi da mace ko namiji, kuma wanda aka sa wa sunan mamaci ya gaji matsayinsa a dangi. Tsohuwa sai ta kira jaririn da ya ci sunan mijinta "mijina", ta riƙa lallaɓa shi. Na ce mata ai mu ma haka muke, ga Abba ga Ummi a kowane gida, kuma ba ma iya yi musu tsawa yadda muke wa sauran. Ta riƙe hannuna tana dariya. Tun ranar muka ƙulla. Goyo ma suna yi, a cikin wata riga mai aljihu a baya, amauti, kuma ba da ɗa riƙo ga 'yan uwa abu ne da doka ta amince da shi.

To ku duba abin da aka yi wa mutanen da suka ɗauki suna haka. Daga shekarun 1940 gwamnati ta ce sunayensu na da wuyar rubutu, ta ba kowa lamba a wani ɗan faifai da ake ratayawa a wuya. Na gabas lambarsu na farawa da E, na yamma da W; na wannan yanki E7. Sai wajen 1970 aka tura wani ɗansu, Abe Okpik, gari gari yana rubuta sunayen da mutane suka zaɓa. Har yau akwai tsofaffin da suka haddace lambarsu.

Tarin fuka ma ya yi musu ɓarna. A shekarun 1950 jirgin ruwa mai suna C.D. Howe kan zagaya ana duba mutane, wanda aka samu da cutar a wuce da shi asibitocin kudancin Kanada irin na garin Hamilton, wani ko sallama da iyalinsa bai yi ba. Da yawa can aka binne su, dangi ba su san kabarin ba. A watan Maris na 2019 Firaministan Kanada na lokacin, Justin Trudeau, ya zo garin nan ya nemi gafara. Cutar dai ba ta tafi ba, saboda ƙarancin gidaje ya sa ana cunkushe, ga yunwa a gidaje da dama, ga matasa masu kashe kansu, abin da ke sa gari ya yi tsit na kwanaki. Ni dai ina ganin wanda bai san tarihin nan ba bai kamata ya yi saurin zaginsu kan shaye-shaye ba.

Masallaci muna da shi, tun 2016 aka buɗe, kada hankalinku ya tashi.

Sai gargaɗi ɗaya kafin mu zo hutu. A nan in mutum zai ce "i" gira yake ɗagawa, in "a'a" ne ya yamutsa hanci. Jikanku Abba ya ɗauka tsaf a makaranta. In kun tambaye shi ko ya ƙoshi ya ɗaga muku gira bai ce uffan ba, don Allah kada Inna ta ɗauko masa bulala.