Ga 'yar'uwar da bakinta ke nauyi wajen yin shaida

'Yar'uwa, kin ce shekara biyu ke nan da aiki ya kawo ki Sakkwato, kuma duk sa'ad da abokan aikinki suka taɓo zancen addini sai gabanki ya faɗi ki yi shiru, daga baya zuciyarki ta riƙa zarginki cewa kin ji kunyar Almasihu. Na san wannan ɗacin, domin na zo garin nan daga Zuru ina saurayi, na kuma yi shekaru ina ɗinki a Mabera ban iya ambaton sunan Yesu a gaban maƙwabtana ba.

Kada ki ɗauki dukan tsoron nan a matsayin zunubi. Duk wanda yake garin nan a watan Mayu na 2022, lokacin da aka kashe Deborah Samuel, ɗaliba Kirista da aka zarga da yin ɓatanci ga addini, har aka sa dokar hana fita, ya san abin da kalma ɗaya ke iya jawowa. Ubangiji da kansa, a Matiyu 10:16, ya ce mu zama da wayon maciji da kuma halin kurciya. Saboda haka kada ki taɓa addinin kowa ko abin da yake girmamawa da magana, ko a baki ko a WhatsApp, kuma ki guji gardama a cikin taro, inda kowa ke kare mutuncinsa ne a idon jama'a.

Abin da ya kwance mini harshe shi ne rasuwar ɗana na biyu. Wani dattijo Musulmi da ke sayar da goro kusa da shagona ya zo ya zauna da ni a tabarma kwana uku cur. A rana ta uku, da mutane suka ragu, sai ya sassauta murya ya ce, "Tela, me ya sa matan cocinku ke waƙa a gidan makoki?" Hannuna na rawa, na ce masa muna waƙa ne domin mun gaskata Yesu ya mutu ya tashi, kuma yaron yana wurinsa. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ya jima yana kallon ƙasa, sannan ya ce Allah ya ba mu haƙuri. Har yau yana kan addininsa, yana aiko mana kunu da azumi, mu kuma mu aika masa shinkafa da Kirsimeti, amma tun ranar ya sha dawowa da tambayoyi, ni kuma ban sake jin wannan faɗuwar gaban ba.

Sai daga baya na lura cewa 1 Bitrus 3:15 ta ce ne mu zauna a shirye mu amsa wa wanda ya tambaye mu dalilin begenmu, cikin tawali'u da ladabi. Dā ina tsammanin dole in iya kayar da malami a muhawara kafin in buɗe baki, alhali juyar da zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne.

Shawarata ita ce ki zauna ki shirya, da Hausa mai sauƙi, jimloli uku ko huɗu kan abin da Almasihu ya yi miki ke kanki, ki maimaita su a gaban wata a zumuntar mata har bakinki ya saba. Ki riƙa karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda muke da shi cikakke tun 1932, domin kalmomin su zo miki da harshen da za a tambaye ki. Ki je suna, ki je ta'aziyya, ki duba marar lafiya, in kuma abokiyar aikinki ta kawo miki kukanta, ki tambaye ta ko ta yarda ki sa ta a addu'a. Idan ta ce a'a, ki karɓa da fara'a, gobe kuma ki gaishe ta kamar kullum.