Ƙaramar kujerar jarirai ko babba: amsa ga mai jiran haihuwar fari a Lugbe

Assalamu alaikum ƙanwata. Allah ya raba lafiya, ya sa mu ji alheri. Kin ce cikinki ya shiga wata takwas, kuna zaune a Lugbe, motarku guda ce, Corolla 'yar Amurka, kuma abin da kuka ware ba zai sayi kujera biyu ba. Kina tambaya ko ki ɗauki ƙaramar kujerar jarirai mai mariƙi, wadda ake cirewa a shiga gida da ita, ko babbar nan da ake kafewa a mota, jariri ya fara zama a cikinta yana fuskantar baya, idan ya girma a juya ta ta fuskanci gaba. Kin kuma ambata cewa bayan suna za ki tafi Jos wankan gida. Na goyi 'ya'ya da kowacce daga cikinsu a garin nan, kuma a halin da kika bayyana ni babbar zan ce ki saya, sabuwa a ledarta, muddin ta cika sharuɗɗa biyu da zan faɗa miki. Idan ta gaza ko da ɗaya ne, ki koma ga ƙaramar ba tare da wani kokwanto ba.

Ki fara riƙe abin da ya haɗa su, domin shi ne tushe. Kowacce kika saya, jariri baya zai fuskanta. Kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin jikinsa, wuyansa kuwa bai yi ƙwari ba, ƙasusuwan bayansa ba su gama haɗewa ba. Idan mota ta yi karo ta gaba, wanda ya fuskanci gaba kansa ne zai fizga ya ja wuyan, amma wanda ya fuskanci baya kujerar ce za ta tare kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya, ta raba ƙarfin bugun. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta ƙiyasta cewa kujerar da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwar jariri a ƙaramar mota da kashi 71 cikin ɗari. Dokar Turai da ake kira i-Size, wadda ta fara aiki a 2013, ta wajabta fuskantar baya har wata 15 aƙalla, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma tun 2018 ta ce a bar yaro a haka har sai ya kai iyakar da kujerarsa ta ba shi. A Suwidin sai yaro ya kai kusan shekara huɗu ake juya shi. Wanda ya saba bin titin filin jirgin sama da safe, ya ga irin gudun da ake yi daga Lugbe zuwa ƙofar gari da yadda ake taka birki ba zato, ba ya buƙatar dogon wa'azi a kan wannan.

Inda suka rabu shi ne tsawon lokacin da za su yi miki aiki. Ƙaramar tana ɗaukar jariri daga kilo biyu ko kusa da haka zuwa kilo 13, wasu na Amurka su ɗan haura, amma da wuya ki ga yaron da nauyi ya fitar da shi daga cikinta. Tsawo ne ke fitar da shi. Da zarar saman kansa ya kusa kai bakin kujerar, ya rage bai fi faɗin yatsa biyu ba, ta gama aikinta, kuma yawancin yara suna kai wa nan ne wajen shekara guda, wasu ma kafin nan. Sai ki sake shiga kasuwa neman babbar da kika tsallake tun farko, a farashin da dala ta ga dama a lokacin. Babbar kuwa tana ɗaukar yaro yana fuskantar baya har kilo 18, wasu fiye da haka, sa'annan a juya ta. Na Turai da yawa suna kaiwa har wajen shekara huɗu, na Amurka kuma a fuskar gaba suna kaiwa kusan kilo 29. Ga mai kuɗin kujera ɗaya lissafin ba shi da wuya, tun da babbar dole ce ko yau ko baɗi, ƙaramar kuwa ana iya tsallake ta.

Sharaɗin farko shi ne ta dace da jikin sabon haihuwa, kuma a nan ne mutane da yawa ke yaudaruwa da rubutun da ke jikin kwali. Kwali zai ce daga haihuwa, amma abin da za ki duba da idonki shi ne ramin da igiyoyin kafaɗa ke fitowa. Ga yaron da ke fuskantar baya, igiyar dole ta fito daidai kafaɗarsa ko ƙasa da ita kaɗan. Wasu manyan kujerun ramin da ya fi ƙasa ma ya yi wa jaririn kilo uku sama, sai ki ga igiyar ta fito ta wajen kunnensa, kuma irin wannan ba ta riƙe shi ba komai tsadarta. Ki nemi wadda ta zo da matashinta na jarirai daga kamfani, kada ki yarda mai shago ya haɗa miki da wani matashin daban, domin ba a gwada kujerar da shi ba. Idan kina da ƙawa ko maƙwabciya mai ɗanyen jego, ku tafi tare a gwada, ko ki auna daga mazaunin kujerar zuwa ramin ƙarshe ki kwatanta da zaman jariri. Sa'annan idan likita ya ce ɗan cikin ƙarami ne, ko tagwaye ne, ko Allah ya kawo shi bakwaini, ki manta da duk lissafin da na yi a sama ki sayi ƙaramar, ita ce aka gina don irin wannan jikin. A asibitocin Amurka jaririn da aka haifa kafin mako 37 sai an zaunar da shi a kujerarsa na minti 90 zuwa 120 ana lura da numfashinsa kafin a sallame shi, don haka idan hakan ta kasance ki nemi likitanki ya duba miki zamansa kafin ku kama hanya.

Sharaɗi na biyu shi ne ta shiga motarku a kishingiɗe. Sabon haihuwa ba ya iya riƙe kansa, kuma idan kujera ta miƙe da yawa kan zai faɗo gaba, haɓa ta taɓa ƙirji, hanyar numfashi ta matse, shi kuwa ba zai yi kukan da za ki ji ba. Shi ya sa ake kishingiɗar da ita kusan digiri 45, kuma a gefen kowace kujera akwai layi ko ɗan ƙwallon da ke nuna ko an kai. Babbar kujera a wannan kwanciyar tana cin wuri sosai, Corolla kuwa ba Sienna ba ce. Na ga inda sai da aka tura kujerar mai zaman banza gaba har gwiwar wanda ke zaune ta tokare. Ki sa maigida ya je da motar har bakin shagon, ko a Wuse ne ko a Utako, a fito da kujerar a ɗora, ya zauna a mazauninsa yadda ya saba tuƙi, ke ma ki zauna a naki. Mai shagon da ya hana gwaji, ki bar masa kayansa.

Ba zan ɓoye miki abin da za ki rasa ba idan kin ɗauki babbar, domin akwai ranakun da za ki tuna da ƙaramar. Ranar riga-kafi ta mako shida da ta mako goma da ta mako sha huɗu, jariri ya yi kuka ya gaji ya yi barci a hanya, mai ƙaramar za ta danna ta ɗaga ta shige gida da shi bai farka ba, ke kuwa sai kin kwance shi. Akwai kuma zafin Abuja na watan Maris da Afrilu. Kujerar da ta wuni a cikin mota a rana, ƙarfen maƙullinta yana iya ƙona cinyar jariri, don haka sai kin saba da lulluɓe ta da farin zani duk lokacin da kuka fita, kuma ki taɓa ƙarfen da bayan hannunki kafin ki sa shi. Abu na uku, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne ranar da mota take wajen makanike ko maigida ya fita da ita. Yawancin ƙananan ana iya ɗaure su da bel a kowace tasi cikin minti kaɗan, babbar kuwa ba abin ɗauka ba ce ga mai jego. Idan kin san rabin zirga-zirgarki a Bolt za ki yi ta, wannan kaɗai ya isa ya juya shawarata.

Amma batun ɗaukar jariri a hannu cikin kujera, wanda shi masu talla suka fi yayatawa, ni bai taɓa ruɗa ta ba. Su Turawa a can ba su da zani da majanyi. Kujerar ita kaɗai tana da nauyin kilo uku zuwa biyar, ki haɗa da yaron wata huɗu, ki ratsa kasuwa da shi a gwiwar hannu, za ki ajiye ki koma goyo da kanki. Kuma sauƙin nata yana da tarko. Na sha ganin an shigo da jariri gidan biki a cikinta an ajiye a kan kujerar falo ko kan gado, an sassauta igiya wai ya sha iska, ya wuni a ciki. Da zarar ta bar mota kwanciyarta ta sauya, jaririn da aka sassauta wa igiya kuma yana iya zamewa ƙasa igiyar ta kama wuyansa. Kujerar mota ba gadon barci ba ce. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce kada jariri ya wuce awa biyu a jere a cikinta, sabon haihuwa ma gara ƙasa da haka.

Na san za a ce miki ki je gwanjo ki haɗa duka biyun da kuɗin guda. Kada ki yi. Kayan sawa da gadon jariri na gwanjo ba ni da magana a kansu, amma kujerar da ta taɓa shiga haɗari tana iya tsagewa ta ciki inda ido ba ya gani, kuma babu wanda zai gaya miki tarihin abin da ya fito daga dila. Robar ma tana da wa'adi, yawanci shekara shida zuwa goma daga ranar ƙera ta, kuma ranar tana rubuce a ƙasa ko a bayan kujerar. Idan yayarki ce za ta ba ki tata, kin san tarihinta, wa'adinta bai cika ba, takardar bayaninta na nan, to ki karɓa da hannu biyu, kuma a nan sai ki fara da ƙaramar ta aro ki adana kuɗinki don babbar. Ko sabuwa ce ki duba tambarinta. Ta Turai tana da lambar ruwan lemo mai harafin E a cikin da'ira tare da R44/04 ko R129, ta Amurka kuma tana da rubutun da ke cewa ta cika ƙa'idar gwamnatin tarayyarsu. Wadda ba ta da ko ɗaya, mai laushi kamar jakar goyo da ake ratayawa a jikin kujerar mota, ba kujera ba ce ko da mai shago ya rantse.

Wajen ɗaurewa kin yi sa'a da motarki. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka tun daga watan Satumba na 2002 suna da ƙarafa biyu a ɓoye cikin tsagar kujerar baya, ki zura yatsa a gefen dama ko hagu za ki ji su, kuma su ne ake maƙala kujerar yaro a jiki. Tsakiya a motoci da yawa ba ta da su, a nan sai bel. Idan da bel za ki ɗaure, ki ja shi har ƙarshe ki sake shi a hankali, za ki ji yana ƙas-ƙas yana komawa, alamar ya kulle ke nan. Ɗaya ake amfani da shi, ƙarafan ko bel, sai idan takardar kujerar ta yarda a haɗa. Bayan kin gama ki kama kujerar daidai inda bel ya ratsa ki girgiza, kada ta motsa fiye da santimita biyu da rabi. Igiyar jikin jariri kuma ki matse ta har sai kin kasa tsunkule ta da yatsa biyu a wajen kafaɗa, maɓallin ƙirji, idan tana da shi, ya tsaya daidai hamata. Kada a taɓa sa ta a gaba inda jakar iska take, domin idan ta fashe bayan kan jaririn za ta daka. Jami'an FRSC, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, su ma sun daɗe suna jan kunne cewa yaron da bai kai shekara 12 ba wurinsa baya ne.

Tafiyar Jos ita ce jarrabawar farko, kuma a kanta nake so ki shirya tun yanzu. Hanya ce ta awa huɗu zuwa biyar idan an yi sa'a babu cunkoso a Nyanya da Mararaba, don haka ku tsara tsayawa a Keffi da Akwanga, da duk inda ya buƙata a tsakani, a fito da shi ya sha nono ya miƙe. Kada ki shayar da shi mota na tafiya, ko da kukansa ya cika miki kunne, a samu wuri mai aminci a tsaya. Babba ya zauna kusa da shi yana duba ko kansa ya faɗo gaba. Idan haihuwar ta faɗo cikin hunturu, za a so a jibga masa rigar sanyi mai kauri tun daga Abuja saboda sanyin da ke jiran ku bayan Hawan Kibo. Rigar mai kauri tana sa igiya ta yi kamar ta matse alhali akwai sarari, idan aka yi karo ta lotse jariri ya zame. Ki sa masa kaya marasa kauri da hula da safa, ki ɗaure shi, sa'annan ki lulluɓa bargo a kan igiyar.

Wanda zai fi ba ki wahala ba kujerar ba ce, gwaggo ko kakar da za ta zo rakiya ce. Za ta ce ɗan kwana goma a ɗaure shi shi kaɗai ga hannuwa a zaune, su da suka goyi goma a cinya me ya same su. Kada ki ja da ita a ranar tafiya a gaban mutane. Ki sa maigida ya yi mata bayani tun kafin ranar, ya ce umarnin likita ne idan kun riga kun yi maganar da likitan, ya nuna mata cewa a karon mota nauyin jariri yana ninkuwa har hannun ƙato ma ba ya iya riƙe shi. Sa'annan ki ba ta mazaunin da ke kusa da kujerar, ki ce ita ce mai lura da kansa da numfashinsa har Jos. Ki sayi kujerar kafin watan haihuwa ya kama, a ɗaure ta a gwada da 'yar tsana, domin ranar sallama daga asibiti ba ranar karanta takardar bayani ba ce.