Kuɗin iyaye a firamaren gwamnati: katanga, malamai ko allon yara?

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya taya riƙo. Ka ce an zaɓe ka shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, wato APEE, a wata firamaren gwamnati a Garwa ta ƙasar Kamaru mai yara kusan 600, an sa wa kowane yaro sefa 2,000 a shekara, kuma taro ya rabu. Wasu na son a zagaye makaranta da katanga, wasu na son a ƙara malamai, shi kuwa darakta, wato shugaban makarantar, burinsa a ci CEP, jarrabawar kammala firamare, ɗari bisa ɗari bana. Kana tambaya me za a sa gaba, kuma ta yaya za a gane kuɗin ya yi amfani.

A yi lissafi tukuna, sannan a yi gardama. A takarda kuna da 1,200,000. A aljihu ba za ku ga hakan ba. Firamaren gwamnati kyauta ce a Kamaru tun shekarar 2000, kuɗin APEE kuwa gudummawa ce, ba ta halatta a kori yaro daga aji don ubansa bai biya ba. Akwai marayu, akwai mai 'ya'ya biyar a makarantar, akwai wanda zai ce sai an biya kuɗin auduga. Ku gina kasafinku a kan abin da aka tara bara, ku duba littafin rasit na tsohon ma'aji. In babu littafin, ku ɗauka kashi biyu cikin uku ne zai shigo, wato 800,000. Duk wanda ya tsara aiki a kan miliyan da ɗari biyu, a watan Maris zai iske asusu ya bushe, malaman da iyaye ke biya su bar aji su koma tuƙin babur.

Yanzu katanga. A ce filin makarantar mita 100 ne a tsawo, 80 a faɗi. Zagayen mita 360 ke nan. In tsayin katangar mita 2 ne, kana buƙatar bulo kusan 9,000, don kowace murabba'in mita tana cin bulo goma sha biyu da rabi. Buhun siminti ɗaya yana fitar da bulo talatin ko talatin da 'yan kai in ana son mai ƙwari, ka ga kusan buhu 300 ke nan a bulo kaɗai. Je kasuwa ka tambayi kuɗin buhu yau, ka ninka. Ba a zo maganar yashi, rodi, haƙar tushe, ƙofa da ladan magina ba. Kuɗin shekaru da dama zai tafi, kuma abin da aka saba gani shi ne a gina gefe ɗaya a tsaya, awaki su ci gaba da shiga ta sauran ukun. Masu son katanga ba sakarkaru ba ne, suna da hujja: babura na ratsa fili, maƙwabta na cin iyaka kaɗan-kaɗan. Maganin cin iyaka shi ne a nemi ma'aikatan safiyo su kafa duwatsun iyaka, a sami takarda. Sauran kuwa a dasa aguwa ko bini-da-zugu a jere da farkon damina, a sa darbejiya don inuwa. Katangar siminti aikin ma'aikatar magajin gari ce, zan dawo kanta.

Abin da kuɗin iyaye ya fi iyawa shi ne ƙananan abubuwan da ke sa yaro ya iya karatu, kuma yawancinsu suna ajin ƙasa. Shiga SIL, wato aji ɗaya, da ƙarfe goma na safe ka gani. Yara ɗari ko fiye, rabi a ƙasa, sun taso da Fulatanci ko Hausa a gida, yau ne karon farko da ake yi musu magana da Faransanci, kuma malamin da ke gabansu sau da yawa shi ne mafi ƙarancin horo a makarantar, wanda iyaye ke biya. Gwanin malami an kai shi CM2, ajin ƙarshe, saboda jarrabawa. Wannan juyin ne ke kashe makarantunmu. Yaron da ya fita CP, wato aji biyu, bai haɗa baƙi da wasali ba, zai yi ta hawa aji yana kwafar abin da ke kan allo kamar mai zane, har ya kai CM1, aji biyar, ya gaji ya daina zuwa. Don haka in za ku ɗauki malami, ku ɗauke shi don a raba SIL gida biyu, ko da aji na biyun rumfar zana ce.

Malamai biyu a kan 25,000 a wata, wata goma, 500,000 ke nan daga cikin 800,000 ɗinku. Ku nemi waɗanda suka fito makarantar horon malamai, ENIEG, suna riƙe da takardar shaidar koyarwa ta CAPIEMP suna jiran gwamnati ta ɗauke su, akwai su a gari. A rubuta yarjejeniya: nawa ne, ran nawa ga wata, wane aji. A ware kuɗin wata goman tun daga farkon abin da aka tara, kada a taɓa shi ko da bikin ranar matasa na 11 ga Fabrairu ya zo ana neman kuɗin yunifom na fareti. Biya a makare shi ne babban dalilin da malamin iyaye ke zuwa kwana uku a mako. Kuma a ajiye littafin sa hannu na zuwa aiki, wani daga cikin kwamiti ya riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba, ran Litinin da safe da ran Juma'a musamman.

Ragowar 300,000 ga yadda nake ganin ya dace. Allo da alli ga kowane yaro na SIL da CP. Littafin karatu na Faransanci da ke cikin jerin da ma'aikatar ilimi ta amince da shi, ko da ɗaya ga yara uku ne, a buga masa hatimin makaranta, a sa lamba, a kulle a akwatin ƙarfe a aji, a ƙirga duk ƙarshen mako. Littafin da ya tafi gida ba ya dawowa da bangonsa. Gyaran bencina: kafinta da kilo biyu na ƙusa zai tayar da bencina ashirin da aka jibge a bayan ofis da kuɗin da bai kai na sabbi uku ba. Randuna ko duro na ruwan sha kafin zafin Maris da Afrilu, don yaron da ya tafi gida shan ruwa da tsakar rana ya tafi ke nan. Sai ƙofa da sakata a ban-ɗakin 'yan mata. Wannan na ƙarshen ana raina shi, amma tambayi iyaye mata dalilin da 'yan matan CM1 ke fashi. In makarantarku ba ta da ƙungiyar iyaye mata, wato AME, ku kafa, don su ne ke sanin gidan da aka tsayar da yarinya talla ko aka fara maganar aurenta.

Akwai wani abu da ba ya cikin gardamarku, alhali ya fi katanga gaggawa: takardar haihuwa. Ba a cika takardun CEP da na jarrabawar shiga ajin farko na sakandare ba tare da ita ba, kuma yaron da ba a yi masa a kan lokaci ba sai an bi ta kotu, abin da ke cin watanni. Kowace shekara a nan arewacin Kamaru yara masu ƙoƙari suna tsayawa a CM2 saboda wannan kawai. Kada ku jira CM2. A watan Oktoba ku bi rajistar CE2, wato aji huɗu, da CM1, ku fitar da sunayen marasa takarda, ku kai wa magajin gari jerin a dunƙule, ku tambayi lokacin da za a yi zaman kotu na tafi-da-gidanka. Mutum hamsin a takarda ɗaya sun fi samun kunne a kan uba ɗaya da ke yawo ofis-ofis.

Batun ɗari bisa ɗari na darakta, a yi hattara. Ba wai yana da mugun nufi ba, da wannan adadin ake auna shi a ofishin sufeto. Amma hanya mafi sauƙi ta samun sa ita ce a riƙe raunana a CM1, ko a ƙi gabatar da su jarrabawa. Yara 70 a aji, a gabatar da 40, 38 su ci, a sanar da kashi 95. Gaskiyar lissafi 38 cikin 70 ne, wato kashi 54. Saboda haka ku riƙa neman adadi uku tare: nawa ke CM2 a watan Oktoba, nawa suka zauna jarrabawa, nawa suka ci, maza daban mata daban. In kana son ganin inda makarantar ke yoyo, nemi rajistar SIL ta shekarar da waɗannan yaran suka shiga, ka kwatanta.

Burin da ya fi wannan shi ne wanda iyaye za su iya aunawa da kansu. Ku ɗauki CE1, wato aji uku. A buɗe rajista, a zaɓi kowane suna na biyar har a sami yara ashirin, kada malami ya zaɓa. A samo wani tsohon malami mai ritaya ko ɗalibin lise, wato sakandare, na unguwa, ya rubuta gajeren labari na layi biyar da kalmomi masu sauƙi, wanda ba ya cikin littafinsu. Wannan sharaɗin shi ne ginshiƙi, domin yaranmu gwanayen hadda ne. Za ka ga yaro ya ɗora yatsa a kan layi yana zuba karatu kamar ruwa, idonsa na kan rufin ɗaki, yatsan yana layi na biyu bakin ya kai na huɗu. A ba kowane yaro minti ɗaya shi kaɗai a inuwa, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, a yi masa tambaya biyu a kan abin da ya karanta, ya amsa ko da da Fulatanci ko Hausa ne. A yi wannan a Nuwamba, a Fabrairu, a Mayu. In a Nuwamba shida cikin ashirin suka iya, ku sa burin goma sha biyu a Mayu. Kada a kira sunan yaro a taro, kada kuma a mai da abin bulalar dukan malami, in ba haka ba a zagaye na biyu za a ɓoye muku raunanan yara a ce ba su da lafiya.

To, manyan ayyuka. Tun 2010 aka miƙa wa ƙananan hukumomi ginin azuzuwan firamare da gyaransu da kayan aikin farkon shekara da ake kira paquet minimum, wato alli, rajista da makamantansu. Dokar ƙananan hukumomi ta Disamba 2019 ta ba duk mazaunin gari damar neman ganin kasafin kuɗin hukumarsa da tsarin raya ta, wanda ake kira PCD. Ku je ku duba ko makarantarku na ciki, kuma da wace buƙata aka rubuta ta. Aikin da ba ya cikin wannan kundi da wuya ya sami kuɗi. Ku rubuta takarda ɗaya, buƙata ɗaya ko biyu, da adadi: yara nawa, azuzuwa nawa, bencina nawa, da hoton yaran da ke zaune a ƙasa. Darakta ya sa hannu, kai ka sa, jauro ko sarkin Hausawan unguwa ya sa. A kai wa magajin gari, a ba sufeton ilimi na gunduma kwafi, a dawo da kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Lokaci shi ne sirrin: kasafin shekara mai zuwa ana kaɗa masa ƙuri'a kafin ƙarshen wannan, don haka takardar da ta isa a Janairu ta makara da shekara guda. Ku kai tun kafin hutun damina, ku bi kansilan unguwarku ya riƙa tunawa da ita. Kuma in za ku roƙa, aji da rijiyar burtsatse su riga katanga.

In Allah ya sa an ba ku gini, ku sa ido tun daga tushe. Bulon da ke marmashewa in an murza shi da yatsa siminti ya yi masa kaɗan. Ku duba an ɗaure katakon rufi da rodi a jikin ginin, don iskar farkon damina rufin makaranta take fara ɗauka. Duk aibin da kuka gani a rubuta shi kafin a karɓi aiki daga ɗan kwangila.

Akwai kuma majalisar makaranta, wadda dokar Fabrairu 2001 ta kafa, ita ce ke amincewa da tsarin aikin makaranta da kasafinta. A wurare da yawa suna ne kawai a takarda. Ka nemi a kira zamanta, a kawo duk abin da ke shigowa a tebur ɗaya: na gwamnati, na magajin gari, na iyaye. Nan ne ake gano cewa APEE ta sayi alli kwali goma, ga kuma na magajin gari ya iso a Nuwamba, an biya abu ɗaya sau biyu. In kayan magajin gari sun zo, a ƙirga su a gaban mutum biyu a kan takardar rakiyarsu.

Riƙon kuɗin kansa ba ya buƙatar dogon bayani. Asusu da sunan ƙungiya a banki ko ƙaramin bankin ajiya, sa hannu biyu, naka da na ma'aji. Darakta mai ba da shawara ne, kuɗin iyaye kada ya kwana a aljihun teburinsa, wannan ma kariya ce gare shi. Rasit mai lamba mai ragowa ga duk wanda ya biya ko da 500 ne, kuma a yarda da biya kashi-kashi, a sa ranakun karɓa bayan girbi. Masu binciken asusu biyu waɗanda ba 'yan uwan ma'aji ba. Duk ƙarshen zango a rubuta a allon da ke bakin ofis: an tara kaza, an kashe kaza a kan kaza, saura kaza. A karanta shi a taro da Fulatanci da Hausa, a sanar da ranar taron a masallatai da coci mako guda kafin nan, kuma kada a sa shi ranar kasuwa.