Amsa ga 'yar'uwar da ke tambaya kan filo mai gangare saboda ƙwannafi

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu, Allah Ya yaye miki. Kin ce ƙwannafi na tashin ki tsakar dare, ga ciwon baya ya haɗu, kuma kin ga ana tallar filon soso mai gangare, wani tudunsa inci 7 wani inci 12, kina son sanin wanne za ki ɗauka, ko ma asarar kuɗi ce gaba ɗaya. Ban iya wuce tambayarki ba, don ni ma ciwon nan ya gasa min aya a hannu.

Filon yana aiki, amma ki ɗauki mai inci 7, kuma ki tabbata sosonsa mai ƙarfi ne. Abin da likitoci ke ba da shawara dama shi ne a ɗaga saman jiki da inci 6 zuwa 8, wato santimita 15 zuwa 20. Mai inci 12 ɗin nan ya fi dacewa da wanda zai jingina ya yi karatu ko mai shayarwa. Ki kwana a kansa da bayan nan naki, da safe sai kin dafa bango kafin ki miƙe.

Kuma don Allah kar ki bi masu cewa ki tara filo uku kawai ki huta da kashe kuɗi. Akwai wata tsoka da ke tsuke hanyar abinci daidai inda ta shiga ciki, ita ce ke saki ruwan tsamin ya hauro. Da rana kina tsaye, kina haɗiyar yawu, yana komawa da kansa. Da dare kuwa kin miƙe sambal, ba abin da zai mayar da shi. Tarin filo wuyanki kaɗai yake ɗagawa, ya lanƙwashe ki a tsakiya ya matse cikin, abin ya ƙara hauhawa. Ana so ne jiki ya tashi tun daga ƙugu har kai, a miƙe, ba lanƙwasa.

Ni nawa cikin azumi ya kai maƙura. Na yi sahur da ragowar shinkafa da miyar da ta sha mai da attaruhu, na kora da shayi, ina idar da sallar asuba na koma na kwanta. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba, kawai na farka ruwan tsami ya cika min maƙogwaro har yana fita ta hanci. Na buɗe baki in ja numfashi, ya ƙi shiga. Wallahi ya ƙi. Ina son in kira Baban yara, murya babu, sai dukan katifa nake da hannu. Ya tashi a firgice ya haska ni da fitilar waya, ya ga idanuna sun firfito hawaye na zuba, sai ya kama yi min tofi, a zatonsa iska ce ta buge ni. Ƙaramar 'yata tana tsaye bakin ƙofa riƙe da labule tana kuka, har yau in na tuna fuskarta a ranar sai jikina ya yi sanyi. Na yi kalmar shahada a zuci, don na gama sallamawa. Da numfashin ya dawo na yi ta tari har ƙirjina ya yi tsami, muryata kuma ta daɗe a dishe. Daga ranar tsoron gado ya kama ni. Sai in ɗauki bargo in tafi falo in kwana a zaune kan kujera, to nan ne fa ciwon bayana ya samo asali. Wata cikin dangin miji har cewa ta yi son jiki ne, wai wa ƙwannafi ya taɓa kashewa. Na bar ta da Allah.

Amma wadda ta fi ƙona min rai wata mai sayar da kaya ce a intanet. Hoton filon gwanin sha'awa, fari tas, ta rantse min na asibiti ne daga waje aka kawo. Na tura kuɗi har da na mota, kuɗin adashina ne kuwa. Ya iso cikin riga mai kyau, kwana kaɗan ya lotse a tsakiya kamar burodin da aka zauna a kai. Na zuge zif ɗin, ashe guntayen soso ne aka manna da gam, wani ruwan hoda wani shuɗi. Na ɗauki hoto na tura mata, ta ce wai nauyina ne ya yi yawa. Ki ji fa! Ni da ciwo ya gama ramar da ni. Na sake magana ta rufe ni ruf, ga shi har gobe ina ganin tallarta tana sa ayoyi a saman shafinta. Ba kuɗin ne ya fi damuna ba, yadda ta san mara lafiya ce ke nema amma ta yi min haka.

Wanda nake kwana a kai yanzu wajen masu yanka soso aka yi min shi, cikin kasuwa, ina tsaye. Ki je da awonki: tudu inci 7 ta wajen kai, ya tafi yana sirancewa har ya ƙare a ƙugunki, tsawonsa ya kai kamar inci 28 zuwa 30, faɗinsa kada ya gaza inci 24 don ki iya juyi. In ya yi gajere a tsakiyar baya zai tsaya, gefensa ya riƙa tokarin ki. Ki ce soso mai nauyi kike so, irin na katifa mai ƙarfi, guda ɗaya ba haɗe-haɗe ba. Ki ɗaga shi ki ji nauyinsa a hannu, ki sa gwiwa ki danna. In gwiwar ta nutse har kika ji ƙasa, ki bar musu kayansu. Sai ki kai wa tela ya ɗinka masa rigar auduga mai zif. Sabon soso yana da wari, ki bar shi ya sha iska a inuwa kafin ki fara kwana a kai. Irin sosan nan mai laushi da ke ɗaukar shatin jiki yana da daɗi, sai dai yana riƙe zafi, in aka ɗauke wuta a watan Afrilu za ki yaba wa aya zaƙi. In dole kina son laushin, a shimfiɗa siriri a sama kawai.

Ki kwanta ta gefen hagu. Na san mun saba da dama, ni ma da ita nake farawa in yi addu'o'ina, sannan in juya, domin kwanciyar dama tana sa ruwan ya fi saurin haurowa. Za ki ga kina zamewa ƙasa cikin barci, sai ki sa filo ƙarƙashin gwiwoyinki in kina rigingine, ko tsakanin gwiwoyin in kina gefe. Wannan ɗin ma shi ne ya fi taimakon ƙasan bayana, fiye da mai gangaren. Kwanakin farko kafaɗa da wuya za su yi tsami, ki ɗora ɗan siririn filo a sama ki daure. In kuma bayan ya ƙi amincewa sam, a sa bulo ko katako ƙarƙashin ƙafafun gadon biyu na wajen kai, gadon duka ya karkata. Wannan ko sisi ba ya ci, sai dai in maigida ya yi ƙorafi kamar nawa.

Filo fa ba zai yi miki maganin tuwon ƙarfe goma na dare ba. Ki bar awa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya. Ni maiƙo, yaji, miyar tumatir, lemon kwalba da shayi mai kauri ne ke tayar min, goro ma na haƙura da shi. Ki sassauta ɗaurin zani in za ki kwanta. Jiƙon kanwa da ake ba mu yana kwantar da shi na ɗan lokaci, amma gishiri ne a cikinta, mai hawan jini ko mai juna biyu ta kiyaye. In an ba ki omeprazole, maganin rage ruwan tsamin ciki, da safe ake sha kamar minti 30 kafin karin kumallo, ba sai ƙirji ya ɗau wuta ba. In kuwa abinci ya fara tsaya miki a wuya, ko kina ramewa ba dalili, ko kin ga jini a amai, ko bayan gida ya yi baƙi ƙirin, ko ciwon ƙirjin yana sauka hannu da gumi, ki manta da zancen filo ki tafi asibiti a ranar.

Af, wane magani kike sha na bayan? In diclofenac ne ko ibuprofen da ake ba mutane a kemis, su kansu suna cin ciki suna hura ƙwannafi, ni likita ce ta sa na daina su. Ki duba kwalin ki faɗa min, kuma ki faɗa min ko a gado kike kwana ko katifa ce a ƙasa, don in a ƙasa ce akwai yadda ake cusa sosan ƙarƙashin katifar.