Ogan na majami'a da na sinima: me ya raba su?

Tambaya: Ina kaɗa piyano na lantarki a nan unguwar Birni, Damagaram. A jikinsa akwai muryar ogan iri biyu, ta majami'a da ta sinima, kuma ba su yi kama ba ko kaɗan. A ainihin kayan masu bututu, ina bambancin yake?

Amsa: Malam, kunnenka bai ruɗe ka ba. Dukansu iska ake hurawa cikin bututu, wasu bututun su yi kuka irin na sarewa, wasu masu ɗan harshen ƙarfe su yi irin na algaita. Aikin da aka ƙera kowanne dominsa shi ya raba su.

Na majami'a ya daɗe a Turai. Aikinsa raka waƙar jama'a da fitar da muryoyi da yawa a tare, kowace a ji ta sarai. Na sinima kuwa ɗan zamanin fim marar magana ne, an yi shi don mutum ɗaya ya maye gurbin rukunin makaɗa. Robert Hope-Jones, mutumin Ingila da ya rasu a 1914, shi ya shimfiɗa tsarin, kamfanin Wurlitzer na Amurka ya ƙera fiye da 2,000. Da fim mai magana ya shigo a 1927, kasuwarsu ta fara mutuwa.

Babban bambancin yana wajen rabon bututu. Allon madannai yana da maɓalli 61. A na majami'a kowace murya da jerinta, muryoyi huɗu ke nan bututu 244. A na sinima, jeri ɗaya mai bututu 97 ake haɗa wa wayoyin lantarki ya ba da muryoyin nan huɗu, daga mai kauri zuwa siririya. An rage kuɗi da wuri, amma da hasara. Ka buɗe muryoyi biyu masu tazarar oktaf (wato tazarar da ke tsakanin sautin Do da Do na gaba), ka danna Do da Do na samansa: bututu huɗu ya kamata su yi kuka, uku za ka ji, domin ɗaya yana yi wa maɓallan biyu aiki. Shi ya sa kiɗan Bach, shahararren mai tsara kiɗan ogan na Jamus, ke rasa cikarsa a kan na sinima. A ganina wannan ba aibu ba ne, ba don Bach aka ƙera shi ba.

Sai ƙarfin iska, wanda ake aunawa da tsayin ruwan da take turawa cikin lanƙwasasshen bututu. Na majami'a yawanci santimita 5 zuwa 10 ne, na sinima wajen 25, wani lokaci fiye. Ga kuma na'urar da ke girgiza iskar, ita ke kawo rawar muryar nan da kake ji a na sinima, musamman a faffaɗan bututun katako da ake kira Tibiya. Bututun na sinima duka suna cikin ɗakuna masu shafuna da ake buɗewa da ƙafa, tare da ganguna, ƙararrawa, kukan tsuntsu da na jirgin ƙasa.

Wurin lalacewa kusan ɗaya ne. A na sinima, ƙarƙashin bututun akwai ƴan jakunkunan fata masu buɗe wa iska hanya. Fatar ta bushe ta tsage, ko ƙura ta maƙale a bakin murfin, sai bututu ya yi shiru ko ya yi ta kuka ba a danna shi ba. A hunturu irin namu katakon akwatin iska ma tsagewa zai yi in ba a jiƙa iskar ɗakin ba. Zafi kuma yana ɗaga muryar bututun sarewa fiye da ta masu harshe, sai an sake daidaita su.